Kawu Kofur Ba Ya Cin Taliya

Lokacin farin ruwa ne, wato cikowar gulbi ta ƙarshen damina, tafki ya cika har ya taɓo gindin mangwaron bakin kwata, matsayar jiragen ruwa, a shekarar nan da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu. Shekara ce ta zumuɗi. Duk wanda ka gani a Yelwa tafiya yake kamar an yi masa alkawarin kujera, har mai sayar da rake ya koyi cewa "mu 'yan jiha". Ni dai abin da na sani, kifi ya yi araha, icen banda ya yi tsada, ɗan farina ya fara shigowa gida da wata baƙar riga da ban ɗinka masa ba. Kawu Kofur kuwa yana nan a zaurenmu bai canja komai ba, har da ƙin cin taliya.

Ku da kuka san shi ba sai na faɗa muku ba, amma saboda jikoki zan faɗa. Kawu wan Innata ne. Yana saurayi Turawan Ingila suka kwashe su a jirgin ruwa suka kai su yaƙi da Turawan Italiya, suka bi su tun daga bakin teku har duwatsun Habasha. Ya dawo da igiyar kofur, da murya mai tada barci a tsallaken gulbi, da takalmin soja guda biyu waɗanda ban taɓa ganinsu a ƙafarsa ba. A wuya yake rataya su, ya taka ƙaya da taɓo da ƙafa. In aka yi magana sai ya ce, "Takalmi na gwamnati ne, in ya ɓaci wa ka gyara shi? Ƙafa kuwa ta Allah ce, ita ka gyara kanta."

Da maigidanmu ya rasu sai Kawu ya kwaso tabarmarsa ya tare a zaurenmu, wai gida ba ya zama babu soja.

To, batun taliya. Ni gwanar 'yar murji ce, ba yabon kai ba, duk unguwa injina ake aro. In na dafa na zuba manja da yaji, yara har faɗa suke a kan ƙanzo. Amma ranar da na fara kai wa Kawu, buɗe kwanon kawai ya yi ya mayar da murfi a hankali.

"Hajo, ɗauke wagga aba."

"Haba Kawu, ko loma ɗaya?"

"Ki kawo min ɗumame. In babu, azumi ba ya kisa."

Shekara da shekaru haka. Gidan biki, gidan suna, in dai taliya ce sai ya juya mata ƙeya. Mu duka muka yanke cewa haushin yaƙi ne, tunda sunanta ma daga ƙasar tasu ya fito. Har karin magana ya zama a kwata. In an ce wane zai biya ka alheri, sai wani ya ce, "Sai ran da Kofur ya ci taliya."

Abu na biyu da ba ya ƙauna shi ne miƙe hannu sama sambal. Ko mota za ka tsayar, in yana kusa, sai ka ji sanda a gwiwar hannunka. "Lanƙwasa shi!" Ranar da ba na mantawa, muna ajin yaƙi da jahilci a makarantar firamare bayan la'asar, mu mata fal aji. Malama ta rubuta harafi a allo ta ce wadda ta sani ta ɗaga hannu. Ranar kuwa harafin mai sauƙi ne, kowa ta sani. Ashe Kawu ya biyo ya kawo min makullin gida. Yana leƙowa ta taga ya ga hannuwa sun miƙe reras, sai muka ji:

"Innalillahi! Sun iso Yelwa!"

Malama ta saki alli. Wata mai goyo ta yi ƙofa. Na ce, "Kawu, su wa?"

"Wa yac ce ku yi haka? Ke Malama, wa yat turo ki?"

Da ƙyar aka fahimtar da shi. Bai ba da haƙuri ba, sai dai ya kafa doka, Malama kuwa don a zauna lafiya ta karɓa. Har muka gama ajin nan, yatsa ɗaya muke ɗagawa, a daidai kunne.

A hanyar gida na tambaye shi su wane ne "su". Ya ce 'yan fashisti. Na sha jin kalmar a bakinsa, kuma kamar kowa a garin na ɗauka 'yan fashin Italiya yake nufi. Na faɗa masa haka.

"Kayya! Ɗan fashi ya fi su mutunci. Shi ya ƙwace kayanka ya tahi, ka zauna ka yi kukanka. Waɗanga su ƙwace kayanka, su tsaya, su ce ka yi musu tafi."

Ranar ya ba ni labarin tiryan-tiryan. Wai bayan sojojin Italiya sun miƙa wuya, sai aka sa shi gadin fursunoni a madafa. A nan ya san wani fursuna mai dafa abinci, Anjalo, ɗan manomi. Da guntun Turancin bariki da nuni da hannu suke hira, a bakinsa ya ji komai. Ƙasarsu ta fito daga wani yaƙi da talauci da haushi, sai ga wani mutum, Kawu ba ya kama sunansa, Mai Haɓa yake ce masa. Ya tara samari marasa aiki ya sa musu baƙaƙen riguna. Ya ce musu kakanninsu sun taɓa mulkin duniya, shi zai dawo musu da wannan girma. Ya ce mutum shi kaɗai ba komai ba ne, ƙasa ce komai, ƙasar kuwa a bakinsa take magana. Ya hau bene ya kama ƙugu ya ɗaga haɓa, jama'a a ƙasa su miƙe hannu. A bangaye aka rubuta cewa shugaba ba ya kuskure.

"Wanda ya ce a'a fa?" na tambaya.

"Su kama shi su ɗura mishi man gelo mai sa zawo, kwalba guda, a sake shi tsakiyar kasuwa. Uban Anjalo haka aka yi mishi. Dattijo fa, mai furfura! Uwa tai kuwa, zoben aurenta ta ba su a yi yaƙin Habasha da shi. Suka je suka zuba wa bayin Allah guba daga jirgin sama, suna cewa wayewa suka kawo musu."

Ya ce alamarsu damin sanduna ce a ɗaure, daga sunan damin ma kalmar ta fito. Na ce, "To Kawu, ai mu ma muna cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Laifi ne a haɗa kai?"

Ya tsaya cak a kan hanya ya dube ni.

"Awo, muna cewa. Amma nasu damin da gatari a tsakiya. Ke da kike shara kullum, kin taɓa ganin tsintsiya da gatari? Mi za a share da shi?"

Na yi dariya a lokacin. Ban san maganar za ta biyo ni har cikin ɗaki ba.

Yanzu in koma kan baƙar riga. Ɗan farina, ba zan kama sunansa ba, Magaji ake ce masa, a lokacin ya kai ashirin da 'yan kai, masunci ne mai ƙarfi, shiru-shiru kamar ni. Akwai wani dillalin kifi, Garba, wanda ba a zaɓe shi komai ba amma ya sa ana ce masa Ciyaman. Da aka ba mu jiha sai ya kafa ƙungiyar samari ya sa mata suna Tsintsiya. Ya raba musu riguna da usur. Maganarsa guda ce: tafki yanzu na 'yan jiha ne, baƙin masunta su tattara tarunsu su koma inda suka fito, sauran kuwa kowa ta hannun ƙungiya zai sayar da kifinsa.

Baƙin nan fa, cikinsu akwai Baba Sidi, mutumin Mali, wanda ya zo tun ana cika tafkin, ya yi aure a nan, ya binne 'ya'ya a nan. Shi ya koya wa Magaji riƙon filafilin tuƙi da ɗinkin taru bayan rasuwar ubansa.

Ni ba na iya faɗa. Na zaunar da shi na ce, "Kai, yanzu Baba Sidi ne baƙo?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, ba ki gane ba. Ciyaman ya ce in ba mu tashi yanzu ba, har abada mu ne 'yan kallo."

"Kai kuma me ka ce?"

"Ai a ƙungiya ba a cewa ni."

Matan kwata kuma suka kawo min labarin cewa ranar kasuwa za a yi taron rantsuwa, ana gamawa za a bi jiragen baƙi a yayyanka tarunsu. Na san in ɗana ya sa adda a tarun mutumin nan, ko ba a kama shi ba, ba ɗan da na haifa ne zai dawo min gida ba.

Na kai ƙara zaure. Kawu yana gyaran carbinsa, bai ɗago ba.

"Baƙaƙe kika ce rigunan?"

"Baƙaƙe."

"Shina kama ƙugu in zai magana?"

"Haka aka ce."

"Hm." Shi ke nan abin da ya ce. Na fita raina a ɓace, ina cewa tsufa ya ci soja.

Ashe Garba da kansa ya aiko a gayyaci Kawu. Yana son tsohon soja ya fito gaban jama'a a ba shi tsinke ɗaya ya karya, a ba shi tsintsiya ya kasa, a yi tafi. Kawu ya ce wa ɗan aiken zai zo.

Ranar kasuwa da hantsi na fito na ga abin da ban taɓa gani ba: Kawu Kofur sanye da takalmi! Yana tafiya kamar wanda aka ɗaura wa turmi a ƙafa, takalmin na kuka ƙiiƙ, ƙiiƙ. Na bar bandata na bi shi.

Kwata ta cika maƙil, ga masu kifi, ga mata 'yan tudu daga ƙauyuka da tulin doya da gero, ga fatake da motocinsu. Garba ya hau wani babban jirgi da aka ja bakin ruwa, ya taka gefensa, ya kama ƙugu, ya ɗaga haɓa. Wallahi kamar Kawu ne ya zana shi. Samarin sun jeru a gabansa baƙi ƙirin, Magaji a layin farko. Daga can gefe Baba Sidi na zaune cikin ƙaramin jirginsa yana ɗinkin taru, kamar ba da shi ake ba.

Garba ya yi ta magana har kumfa. Sannan ya ce, "Ga babanmu, gwarzon Habasha! Baba, karya wannan."

Kawu ya karɓi tsinke ya karya, ya sa rabin a baki yana sakace.

"To Baba, karya wannan kuma!"

Kawu ya karɓi tsintsiyar. Bai gwada karyawa ba. Ya juya ta, ya buɗa tsakiyarta da yatsa, ya leƙa, ya girgiza ta kusa da kunne.

"Ina gatarin?"

"Wane gatari kuma, Baba?"

"Shina nan. Ba a rasa shi."

Sai ya taka zuwa wani buhu da ke jingine a gindin jirgin ya zungure shi da sanda. Ƙarar ƙarfe ta tashi, kacau! Adduna ne. Waɗanda ke kusa suka dubi juna. Garba ya yi maza ya busa usur ya ce, "Lokacin rantsuwa ya yi! Kowa ya ɗaga hannu!"

Hannuwa suka miƙe sambal. Na ga na ɗana a ciki.

Kawu ya ja numfashi, ya buɗe muryar nan ta fareti wadda na ɗauka ta mutu tun tuni:

"'Yan fashisti! Jama'a, ga 'yan fashisti nan! Sun iso!"

To ku kun san lokacin, ba a daɗe da tare motocin kifi a hanyar Kwantagora ba. Wa zai tsaya jin wutsiyar kalma? "'Yan fashi" kawai kasuwa ta ji. Ina! Kan ka ce kwabo wuri ya kaure. Mai tarwaɗa ta kifar da daro, tarwaɗa na ta tsalle a ƙasa. Fatake suka yi cikin mota. Wani ya kurma ihu, "Ga su nan, masu baƙaƙen kaya! Har da adduna!" Sai ga mata 'yan tudu sun yo kansu da itacen wuta. Ba na jin a tarihin Yelwa an taɓa tuɓe riga da sauri irin na ranar nan. Kafin ƙiftawar ido babu ɗan Tsintsiya ko ɗaya, sai samari tsirara daga ƙugu zuwa sama, kowa na cewa, "Ina suke? Ta ina suka bi?"

Ciyaman kuwa shi ya fara gudu. Da ya ga ƙasa ba ta biyuwa sai ya daka tsalle ta bayan jirgi, tsundum cikin farin ruwa. Ashe mutumin da ke rabon tafki bai iya iyo ba! Ya nutse ya taso, ya nutse ya taso, yana kiran Innarsa. Baba Sidi ya ajiye allurarsa, ya tuƙo a hankali, ya miƙa masa filafili.

"Kama, ɗan jiha," ya ce masa. "Ruwan naku ne, amma ba a shanye shi rana ɗaya."

Na waiga neman Magaji. Bai gudu ba. Yana tsaye inda yake, rigar a dunƙule a hannunsa, yana kallon wanda ya faɗa ruwa da wanda ya tsamo shi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo wajen Kawu, wanda ke tsaye a wuri ɗaya ya kasa motsi, don tafin takalman duka biyu sun rabu da samansu sun zauna a taɓo.

Magaji ya durƙusa ya ce, "Hau, tsoho."

"Soja ba ya hawa jaki."

"Yau dai zai hau."

Haka ya goyo shi har gida, ni ina biye da gawar takalmi a hannu. A hanya na ji Magaji na cewa, "Tsoho, tsakaninka da Allah, ka san abin da mutane za su ji."

"Ni na faɗi kalmata daidai, harafi bai faɗi ba. Kunnensu ne bai shiga yaƙi da jahilci ba."

"Da an kashe mu fa?"

"Da itacen wuta? Kai dai tahi da ni sannu, kana girgiza min igiyar kofur."

Ƙungiyar Tsintsiya ba ta sake taro ba. Washegari Magaji ya tafi kwata, aka ce an gan shi zaune a jirgin Baba Sidi suna ɗinki. Rigar kuwa ya jefa ta bayan murhu, na ɗauke na ajiye, don yadin mai kauri ne.

Kawu bai ga wata daminar ba. Da baƙin ruwa ya zo, cikowar gulbi ta lokacin sanyi, sai ya kwanta, ba ciwo mai yawa ba, ƙarfi ne kawai ya tafi. Ranar ƙarshe bayan la'asar ina ba shi kunu a cokali, sai ya kawar da kai.

"Hajo, kina da fulawa?"

"Akwai, Kawu."

"Da za a samu taliya."

Na ajiye cokalin. Na ce, "Kawu, ka yafe wa Italiya ke nan?"

Ya yi 'yar dariya har da tari. "Wa yac ce miki faɗa nika yi da ita? Duk duniya babu abincin da nika so kamar ta. Ku ne ba ku iya ba."

"Mu?"

"Kuna dafa ta har ta mutu, ku zuba mata manja kamar za a yi mata wanka. Anjalo da kwalba yaka murza ta. Tumatir, tafarnuwa, ɗan gishiri. A sauke ta tana da sauran rai. Shi fursuna, ni mai gadi, amma shi ka ba ni oda: rage wuta, Kofur!"

"To duk shekarun nan me ya hana ka faɗa min?"

"In ce miki ba ki iya girki ba, ina cin tuwonki? Gara a ce ina fushi da Turawa."

Ya rufe ido, na ɗauka barci ne. Can ya ce, lokacin da ake ginin dam ɗin da ya tare tafkin nan aka ce Turawan Italiya ne ke aikin, ya tafi can a ƙasa, ya yi kwana uku a bakin ƙofa yana duba fuskokinsu ɗaya-ɗaya ko zai ga Anjalo. "Ba ya ciki. Da ma na sani. Amma ka duba ya fi ka zauna." Ya ce, "Yaron kirki ne, Hajo. Tun yana ƙarami aka miƙe mishi hannu, bai san ana lanƙwasawa ba."

Na tashi da sauri na kwaɓa fulawa. Ban kai ga murzawa ba Magaji ya leƙo madafa ya tsaya a bakin ƙofa. Na gane Kawu ya cika. Kafin magariba aka kai shi.

Allah Ya jiƙan Kawu Kofur, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa ƙafafun nan da suka sha ƙaya su taka lausasan wurare. Allah Ya saka masa da ɗan da ya dawo min da shi.

Da gari ya waye na ga kwaɓin nan a rufe yadda na bar shi. Ban taɓa injin ba. Na wanke kwalba na murza da ita yadda ya kwatanta, na yanka, na soya tumatir da tafarnuwa. Na tsaya a kan tukunya ban matsa ba, na sauke ta tana da sauran rai. Tukunyar ta yi zafi, sai na ɗauko baƙar rigar nan na naɗe hannu na kama. Na zuba a babban daro na ɗora wa Magaji a ka, na ce ya kai kwata sadaka, ya fara da jirgin Baba Sidi.